Rijiyar Kan Tudu

A Kurmin Marke akwai wani rumbu da ake kira Rumbun Dabara. Duk kaka kowace dabba takan kai nata kason a zuba. Mai hatsi ya kai hatsi, mai zuma ya kai zuma, har masu cin gara sukan shanya tasu su kai. Tun zamanin kakan Sarki Zaki aka gina shi, domin duk wanda ya zo da sabuwar dabarar da za ta amfani daji a ciyar da shi, ya huta da neman abinci ya fuskanci aikinsa. Baƙi in sun ji labari sukan ce lallai sace rumbun nan ake yi, tunda shekara da shekaru ba abin da ya sauya. Ba a sace shi. Bushiya ce ma'ajiya, kuma ko ƙwaya ba ta taɓa salwanta a hannunta ba. Da sata ce ma da an huta, a kama ɓarawo a wuce wurin.

Dutse ne maganar. A kan tudun da majalisa ke zama akwai wani falalen dutse, ana ce masa Dutsen Nuni. Al'ada ta ce duk wanda ya ci daga rumbu, in kaka ta zagayo zai kawo dabararsa ya ɗora a kai, kowa ya gani da idonsa. Wanda ya hau tudu hannu rabbana a tsaga masa kunne, kuma shi da rumbu har abada. Wai da can wani zomo ne ya cinye kason shekara guda a kwance, shi ya sa aka kafa dokar. Zomon ya mutu tuntuni, dokar tana nan da ƙarfinta.

To, dabbobi ba wawaye ba ne. Kowa ya koyi neman kaso a kan abin da ya riga ya iya, wanda kuma bai fi a ɗauka a baki ba. Jatau, jan biri, sandar kaɗo 'ya'yan itace yake kawowa. Bara lanƙwasarta a kai take, bana an mayar da ita gindi. Hankaka ya kawo sheƙa mai ƙofa biyu. A yaba, a yi guɗa, a sauka. Tafkin kurmin kuwa duk bazara sai ya ƙafe, a wayi gari ƙananan dabbobi sun mutu a bakin laka.

Wata shekara mutuwar ta yi yawa har warin ya kai fada, sai Sarki ya tara majalisa a duba yadda rumbu zai ƙara amfani. Waziri Dila ya miƙe ya gyara murya.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Rumbu lafiya lau yake, dutse ma haka. Abin da muka gaza shi ne sa ido. Shawarata a riƙa nuni sau biyu, da kaka da kuma tsakiyar bazara. A kuma goge dutsen, don gansakuka ta fara ɓoye kyawun abin da ake ɗorawa."

Aka amince ba musu. An fara tattara tabarmi ke nan sai wata dabgi, dabbar nan mai cin gara da haƙa rami, mai suna Tasalla ta nemi izinin magana. 'Ya'yanta biyu ne da, ɗaya ta mutu a bakin tafkin nan, ɗayar tana raɓe da ita, ana iya ƙirga haƙarƙarinta. Tasalla ba ta iya tsara zance ba. Ta ce a kwarin da ke bayan giginyu tana jin ƙanshin danshi daga can ƙasa, nesa fiye da inda kowa ya taɓa haƙawa. In tana haƙa ba ta iya kiwo, don haka take neman a ciyar da ita da 'yarta har ta kai ga ruwa.

Galadima Giwa, wanda ba shi da mugun nufi ga kowa, ya tambaye ta ko ta tabbata akwai ruwan.

"Ban tabbata ba, ranka ya daɗe. Ina iya haƙa rami uku in dace a ɗaya. Ina iya haƙa ukun in tashi a banza."

Tun da aka kafa dokar dutsen ba a taɓa jin mai nema ya ce yana iya kasawa ba, har wasu suka ɗauka rashin kunya ce. Sai Jatau ya yi caraf ya ce:

"Inna, in kin gama sai ki ɗauko ramin a ka ki hawo mana da shi ko? Zan ara miki gammo."

Aka yi dariya, har Sarki ya ɗan murmusa. Amma Waziri ba ya son a ce majalisar gyara ta kori sabon abu a ranarta ta farko. Ya yi dogon nazari, ya ce al'ada ba ta ce dole abu ya hau dutse ba, in ya taɓa gefensa ma ya wadatar. Saboda haka a ba ta kaso cikakke, ta haƙa rijiyarta a nan, jikin dutsen, inda kowa zai ga aikin yana tafiya. Tasalla ta ce ai tudu ne, ko ciyawa ba ta daɗewa a kansa.

"Majalisa ta ba ki rijiya," in ji Waziri cikin taushin murya. "Maganar ruwa ba ta gabanmu yau."

Bushiya ta matso kusa da ita ta ce a hankali, "Yaya, karɓi. Ki tsira da kunnenki da 'yarki." Tasalla ta dubi yarinyar, ta durƙusa ta yi godiya.

Ta haƙa kuwa, don ba ta iya aikin ha'inci ba. Rami ne zagayayye, mai santsin bango, mai zurfin da in ka leƙa sai jiri ya ɗebe ka. Manyan majalisa suka riƙa kawo baƙi su gani. 'Yarta ta yi ƙiba. Ƙasar da ke fitowa daga ƙarshensa busasshiya ce kamar ta bakinsa.

Da nunin bazara ya matso, Waziri ya ga in aka tsaga kunnen Tasalla, shawararsa aka tsaga. Sai ya sa birai suka yi ta jigila da goruna, suka kwashe ɗan ruwan da ya rage a tafki suka juye a ramin. Sarki ya zo aka ɗebo masa ya kurɓa, ya ce bai taɓa shan mai sanyinsa ba. Aka naɗa Tasalla Magajiyar Rijiya, aka yanke cewa baɗi ta haƙa biyu, ɗaya gabas da dutse, ɗaya yamma. Kafin la'asar ƙasa ta shanye ruwan. Tafkin kuma a shekarar bai ko jira ƙarshen bazara ba.

Da aka watse Tasalla ta gangara har bayan giginyu. Ta tarar da gada da barewa suna ta karce busasshiyar ƙasa da kofato, abin da ba zai kai su ko'ina ba. Ta sa hancinta ƙasa. Danshin yana nan inda ta bar shi. Ta daɗe a tsaye, gadar tana kallon faratan Tasalla.

Can sai muryar Bushiya daga kan tudu, wai Magajiya ta zo an auna mata kasonta, kuma Waziri na son a shata wurin rijiyar gabas tun da sauran rana. Tasalla ta kakkaɓe hancinta ta kama hanyar tudu.