Yadda Ambasada Lukumanu Ya Tarbi Baƙin Gidauniya

Kowace safiya, kafin Alhaji Lukumanu ya taɓa koko, sai ya ɗauko katin nan mai shuɗiyar igiya, ya hura masa iska, ya goge da gefen riga, ya rataya a wuya. Katin wani taron bita ne na kwana biyu da ya halarta a Kano, shekara bakwai ke nan. Tun daga lokacin mutanen ƙauyensu, can gefen Yammedi, suke kiransa Ambasada. Shi kuwa yakan amsa da ɗaga yatsu biyu, don babban mutum ba ya ɓarnar hannu.

Allah ya yi masa baiwa. Shi ne shugaban kwamitin iyayen yara, kuma shi kaɗai ya san halin Turawa a garin, domin ya taɓa cin shinkafa tebur ɗaya da wani daga cikinsu.

Ana nan sai takarda ta zo. Gidauniyar wani kamfanin sabulu na ƙasar waje za ta yi wa makaranta ɗaya sabon rufi, ta kuma gina ɗakin shan magani na yara. Makarantu biyu ake dubawa: ta su Ambasada, da wata a Zoza ta ƙasar Rogo. Baƙi za su zo su gani da idonsu.

Hedimasta Malam Shitu, bawan Allah da bai taɓa zuwa taron bita ba, ya ce a bar komai yadda yake, baƙi su ga kwanon da ke yoyo da yaran da ke zaune a kan buhu.

"Malam Shitu, so kake ka tsinka mu a idon duniya?" in ji Ambasada. "Ko surukinka ne zai zo, ai ka share tsakar gida. Bature ba ya shuka sai inda ya ga danshi. Ni na san su."

Malam Shitu ya ce, "Allah ya ƙara basira," ya koma ofis.

Basira kuwa ta ƙaru. Aka kwaso kujerun biki daga Karaye. Aka shafe bango da farar ƙasa, aka ɗaura farin yadi a ƙarƙashin kwano, hujoji suka ɓace. Aka jera kwalayen magani a wani ɗaki har rufi. Ba kowa ne ya san iska ce a cikinsu ba. Yaran da ke tari, da masu ciwon ido, da masu kumburin ciki, Ambasada ya tausaya musu ya ba su hutun kwana uku. A gurbinsu aka aro 'ya'yan 'yan kasuwa, masu kumatu da safa, aka mulke su da mai har suna ɗaukar ido.

Baƙi suka iso, Turawa biyu da wata Ummu Hani mai yi musu tafinta. Ambasada ya yi jawabin maraba na minti arba'in, ya ambaci kansa sau goma sha ɗaya, cikin tawali'u.

Da ya sauka, Ummu Hani ta ce, "Ranka ya daɗe, yara nawa zazzaɓi ya hana zuwa makaranta a wannan zangon?"

"Zazzaɓi? A garin nan, Hajiya? Tun da na hau kujerar nan sauro ya yi ƙaura. Irin wannan tambaya a kai ta Zoza."

Ta kuwa rubuta.

Baƙi suka yaba ƙwarai, suka ce ba su ga makaranta mai tsari irin wannan ba. Ƙurar motarsu ba ta gama kwantawa ba Ambasada ya kira Ɗantala kafinta, ya ce a ɗaye tsohon kwanon nan duka, kada sabo ya zo ya rasa wurin zama. Ɗantala ya dubi gabas, ya dubi Malam Shitu, ya hau.

Bayan mako uku amsa ta zo. Ambasada ya tara jama'a ya karanta rabin farko sau biyu: makarantarsu abar koyi ce, shugabancinta abin alfahari. Rabi na biyu Malam Shitu ne ya ƙarasa, a hankali. Tunda wannan makaranta ta tsaya da ƙafafunta, taimako zai tafi Zoza, inda baƙi suka tarar da akuya a aji biyu, hedimastan ko shara bai sa an yi ba.

Saude, wadda 'yarta na cikin waɗanda aka ba hutu, ta ce daga bayan taro, "To Alhaji, maganin tarin fa? Ko yabon za mu jiƙa mu ba su?"

Ambasada ya ce harkar ƙasa da ƙasa ba ta mata ba ce. Sannan ya yi alkawari, a gaban kowa, cewa da hannunsa zai mayar da kwanon cikin mako ɗaya. Ya naɗe babbar riga, ya hau tsani, ya sa aka ɗauke shi hoto riƙe da guduma. Ya buga ƙusa uku.

Kafin ta huɗu aka kawo masa goron gayyata: ana aza harsashin ɗakin magani a Zoza, ana neman manyan baƙi. Mutum irinsa ba ya ƙin kiran al'umma.

An yi ruwan shuka ranar Talata. Yara sun koma gindin tsamiya da buhunansu. Tsanin dai yana nan jingine da bango, ba wanda ya taɓa, don an ce Ambasada zai dawo ya ƙarasa.