Ranar da na tsiyaye ruwan gas a gidan biki

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba zan taɓa mantawa da wani biki a Zurmi ba. Lokacin ban daɗe da fara aiki a shagon gas na kawuna a Kaura ba. Ya ɗaura mini tukunyar gas a babur, ya ce in kai gidan bikin, da ita za a dafa shinkafar baƙi.

Ina faɗawa wani rami sai na ji "ɓulum" a bayana. Na tsaya, na girgiza tukunyar. Ruwa! Ni kuwa abin da na riƙe daga firamare shi ne, iska ba ta ƙara kamar kunu a gora. (Ni ne mutumin da kan dawo daga masallaci don ya duba ko ya kulle ƙofar da ya san ya kulle.) Har na isa ina ta istigfari: Kawu na sayar wa Musulmi ruwa, ni ne ɗan dakonsa, kuma da ribar na ci tuwon jiya.

Na durƙusa gaban uwar biki na ce, "Hajiya, ku yafe mana, akwai algus a ciki."

"Mi ka ce, ɗan nan? Aza muna ita, baƙi na bisa hanya!"

Na ƙi. Na ari kwano, na ja tukunyar bayan gida nesa da wuta (iyakar hankalin da na yi ke nan ranar), na kifa ta, na murɗe kanta. Wani farin abu ya feso yana huci, yana tafasa a kwanon ba wuta, bakin kwanon ya yi ƙanƙara da tsakar bazara. Wari ya cika gida. Mata suka sheƙa ruwa a murhun miya, suka fice da ludaya a hannu. Kafin in rufe, tukunyar ta yi sakayau, kwanon ma wayam. Shaidata ta bi iska.

Ƙanwar uwar biki, malamar kimiyya ce, ta dube ni ta ce, "Iska biyu ce, mai gas. Ta littafi, wadda muke lissafi da ita, ƙwayoyinta ba ruwansu da juna, duk matsin da ka yi mata tana nan iska. Ta gaske kuwa, in ta matsu sai ƙwayoyin su jawo juna su zama ruwa. Kamar fasinjojin Shinkafi: cusa su a mota ɗaya, kafin a isa sun zama dangi."

"To, Malama, ruwan fa?"

"Shi muka saya. Shi ka zubar."

Da icen da na faskara aka dafa shinkafar, baƙi na hamma. Kawu bai kore ni ba, ya dai ce ya gode da shaidar da na yi masa.

Na koyi cewa tsoron Allah ma yana son tambaya. Har yau ina girgiza kowace tukunya, sai dai yanzu in ban ji "ɓulum" ba ne hankalina ke tashi.