Akuyar da Ta Hau Motar Wuse

Ba zan taɓa mantawa da ranar da jikata Hanan ta tsayar da ni a gaban ajinsu ba, ni da furfurata.

Uwarta ce ta jawo min. Lokacin Abuja na ta tsiro da benaye, ita kuma kullum tana hanyar Kubwa zuwa ofis. Ta kawo wani littafin Turanci mai hotuna ta ce, "Baba, ka riƙa karanta mata. Yaron da ake yi wa karatu bakinsa na saurin buɗewa, kansa ma haka."

Na ce an gama. (Ban tuna mata cewa a aji uku na yi sallama da boko na bi babana kasuwar Zariya ba. Mutum da girmansa.)

Kullum bayan la'asar sai in saka tabarau, in ɗora amaryar tawa a cinya, in bi layi da yatsa ina karatu daga hoto. Akwai akuya, akwai mota. To, me ya rage? Akuyar wani Bafulatani ce ta hau motar Wuse, ta yi rigima da kwandasta a kan kujerar taga, ta cinye hular direba a cikin gosulo. Yarinya ta haddace tsaf.

Ranar iyaye a makarantarsu, na sha babbar riga na zauna a sahun gaba. Malamarsu ta ɗauko littafin nan dai ta fara karantawa tana fassarawa. Ashe akuyar kirki ce, gona kawai aka kai ta.

Hanan ta miƙe. "Anti, ba haka ba ne! Ina kwandasta? Ba ki iya ba, ki ba Kakana."

Malama ta miƙo min littafin da hannu biyu. "Bismilla, Baba."

Na ce, "Ai na manto tabarau."

Hanan ta ce, "Ga shi nan a goshinka, tsoho!"

Na dubi iyaye, na dubi yarinyar nan da ta ɗauka duk Abuja babu malami kamar ni. Sai na gyara murya, na ɗora yatsa, na hau da akuya motar Wuse. Yara suka kwanta da dariya. Iyaye ma suna dariya, amma tasu daban ce, don wani oga a bayana yana leƙen shafin yana share hawaye. Uwar Hanan kuwa ta shige cikin gyalenta.

Da aka tashi malama ta raɗa min, "Baba, babu yaron da ya kai ta iya ba da labari. Ka ci gaba, amma ka bar mana gonar."

Yanzu Hanan ce ke karanta min, tana bin layi da yatsa irin nawa. Ku karanta wa yaranku, wallahi kai na buɗewa. Sai dai ku shirya, in ya buɗe da ku zai fara. Kuma har gobe ina nan a kan bakana: akuyar tasu ba ta kai tawa ba.