Shuɗin Maigirma Anatole

Duk birnin Faris, in ana zancen tsofaffin zanen tufafin mata, to a miƙe tsaye, Maigirma Anatole Beaucourt ya iso. Idon Mikiya ke nan, laƙabin da ya raɗa wa kansa don ya rage wa jama'a wahala. Ko burodi ba ya saye sai ya duba launinsa da tabarau biyu. Farar safar hannunsa kuwa, an ce da ita yake wanka.

Abu guda ya hana shi sakat: kujerar shugaban ƙungiyar masu tara zane. Ranar zaɓe ya shigo yana taku ɗai-ɗai, rungume da abin alfaharinsa, zanen wata mace cikin doguwar riga. Aikin shekara ɗari da suka wuce ne, irin wanda ake ɗora hudajjiyar takarda ana shafa launi ɗaya bayan ɗaya da hannu. Shekara goma sha biyu zanen yana rataye a tagarsa yana fuskantar titi, don kada masu wucewa su mutu cikin jahilci.

Daɗi kamar ya kashe shi. Ya gyara murya.

"Ku dubi shuɗin rigar nan, in kuna da idon. Shuɗi mai kunya, mai kawaici! Mai zanen ya tafi kabari da sirrinsa. Mutum biyu suka taɓa fahimtarsa, ɗayan ya rasu."

Aka tafa, har ya fara auna kujerar da ido.

Sai Madam Odile Varenne, wata 'yar tsohuwa da kakarta ta tsufa tana shafa irin wannan launi, ta nemi izinin gani kusa. Ya ba ta, don ilimi sadaka ne. Ta kwance katakon da ya kewaye zanen, ta ɗaga kwalin da ya rufe gefen takardar. Ga bakin rigar nan da haske bai taɓa gani ba, shunayya ce tsantsa, kamar jiya aka shafa.

"Ai Maigirma, ja ba ya jure rana, shi ke fara gudu ya bar shuɗi," in ji ta. "Mai zane shunayya ya shafa, haɗin ja da shuɗi. Wannan mai kunyar aikinka ne, kai da tagarka."

Wanda ya fara ƙyalƙyalewa da dariya sai da aka ba shi ruwa. Da aka ƙirga ƙuri'u, Idon Mikiya ya sami guda ɗaya, rubutun ma kamar an san mai shi.

Amma ƙungiya ba ta butulci. Don girmama sirrin da ya gano, ta aika masa da kyautar labule.