Rasuwar Kwamfutar da Gwaggo Ta Yi wa Jinya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, daga kujerar baya ta motar haya tsakanin Maigatari da Gumel, ni Mansura Ubale nake sanar da rasuwar kwamfutata. A cinyata akwai caja biyu, littafi mai shafi ɗari bakwai, ledar dabino, da gawar. Mai gyara ya buɗe ta, ya sansana, ya mayar.

Marigayiyar ta shekara tara. Tare muka yi karatu a Indiya, tare muka dawo. Ƙarama ce, amma na sa mata manhajar da take kwaikwayon manyan kwamfutocin bankuna masu cika ɗaki, ta kuwa ɗauki girman. A kanta na koyi asambili, harshen da ake ba injin umarni ɗaya bayan ɗaya: ɗauko, tara, ajiye. Ba ta taɓa yi mini kara ba. In na manta rajista guda, wato ɗan gurbin da injin ke riƙe lamba a ciki, sai ta ce ƙit, ta zubo shafi ashirin na lambobi, in nemo laifina da kaina.

Ranar Talata na bar ta tana aiki na tafi Gagarawa suna. Gwaggo Talatu ta shiga shara, ta ji tana huci fuuu, ta taɓa ta ji zafi. Ta ce zazzaɓi ne. Ta lulluɓe ta da bargo biyu, ta tottoshe gefe kada iska ta shiga. A watan Afrilu. An yafe wa Gwaggo, domin da irin wannan jinyar ta rene mu duka, mu dai mun tashi.

Marigayiyar ta bar linzamin kwamfuta ɗaya, batir mai kumburi, da ɗalibai uku na ranar Asabar: Tayyiba, Ɗalha da Yazid. A darasi sun kai ga yadda ake tara lamba biyu. Jiya suka aiko tambaya ko ajin ya mutu tare da ita.

Za a yi jana'iza yau bayan la'asar, a ƙasan durowa. Ba a buƙatar zaman makoki. Ranar Asabar kowa ya zo da tsakuwa cikin aljihu. Za mu tona ramuka goma sha shida a tsakar gida kamar na dara, kowane rami rajista guda, Gwaggo ce mai ba da umarni. Da zarar na rufe ƙofar durowar, an gama kuka. Aji ƙarfe tara.