Yadda Ake Sayo Injin Mota da Karan Dawa

Ka bi matakan nan daki-daki, na ba ka tabbacin cikin mako guda duk Toranke za ta san sunanka. Na gwada. Har yau ana nuna ni da baki.

1. Ka zama mai ilimin gidan

Ka gama sakandare, ka dawo gida ba aiki. Injin a-kori-kurar Baffa Barau ya buga, shi kuma ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu don sayen wani, ga damina saura wata ɗaya. Zai ce, "Kai ke jin Turanci, kai za ka Kano." Ka ce to. Kada ka gaya masa kogunan Turai aka koya maka.

2. Kada ka taɓa baƙin mai

Badaru makanike, da aka ɗauko daga Gaya, zai ce, "Ɗan boko, goge gefen tsohon injin nan ka kwafi lambarsa. Ka ƙirga ramukan noti inda yake haɗuwa da giya." Ka dubi farar rigarka. Ka dubi hannun Badaru. Ka ce, "Na gane." Mai satifiket ba ya kwafar amsa wurin wanda bai yi aji ɗaya ba.

3. Ka karɓi kara

Baffa zai zaro karan dawa daga danga, ya auna gurbin inji, ya karya daidai. "Wanda ya yi tsawon wannan shi ne namu." Da kara ake auna ɗaki, da shi ake auna kabari. Babu wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi.

4. Ka yi gyangyaɗi a mota

Kafin Wudil, akuyar wata tsohuwa za ta tauna rabin karan. Kada ka koma gida, dariya za a yi maka. Da mota ta tsaya, ka zari wani a dangar bakin hanya, ka karya inda zuciyarka ta kwanta. Kara dai kara ne.

5. Ka yi ciniki kamar gwani

Tukur mai kayan mota zai tambaye ka, "Na wace mota?" Ka ce ja ce. Zai ce, "Ranka ya daɗe, ka zo a sa'a. Wannan daga cikin ja aka ciro shi." Ka ɗora kara, ka ga ya yi cif. Ka ƙwanƙwasa shi da yatsa kamar kabewa. In ka ce, "Idan bai shiga ba fa?" zai ce, "Zai shiga da yardar Allah." Amsa ce mai kyau. Ka biya.

6. Ka tsaya nesa ranar ɗorawa

Ƙarti takwas, igiya, reshen tsamiya. Injin zai sauko a hankali, ya zauna a bakin gurbi ya ƙi shiga. Badaru zai zagaya shi sau biyu ya ce wa Baffa, "Alhaji, wannan na tifa ne. Ko fetur ba ya sha."

Baffa zai ce, "Ba ni karan." Zai juya shi, ya kankare da farce.

"Wannan dawar kaura ce. Ni farfara na shuka."

Ka dubi sama.

7. Ka karɓi sakamako

Tukur zai rantse bai taɓa ganin ka ba. Ruwa zai sauka. Shanun Baffa za su fito huɗa a gonar wanda ya saye su, jikin taku, kana jin ƙararrawarsu. Baffa ba zai yi faɗa ba. Bayan asuba zai miƙo maka garma ya ce, "Shanun su biyu ne. Ka fara da aikin ɗaya."

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka, babu ruwana, babu ruwan akuya. Mai ƙorafi ya same ni a gonar Baffa. Kada ya nemi mai farar riga.