Aikatau Na Masu Kujera

A duk kamfanin rarraba sabulun nan babu wanda Allah ya hore wa Turanci kamar mataimakin shugaban reshe, wanda ma'aikata ke kira Farfesa Aikatau. A bayan idonsa suke faɗa. Da ya ji sai ya ɗauka yabo ne, ya sa aka rubuta masa a ƙofar ofis. Ilimi kam sai dai a sara masa. Littafin aikatau na Turanci ya saya, ya leƙa shi sama-sama, ya gano abin da Turawan kansu ba su gano ba, wato aikatau ma akwai manya akwai ƙanana.

Ya tara ma'aikata a ɗakin taro, ya gyara zaman tabarau. "Ku saurara ku ƙaru," in ji shi. "Akwai afuruf, wato na amince. Akwai oda, wato na ba da umarni. Akwai dismis, wato na kore ka. Waɗannan su ne aikatau na masu kujera. Amma su roƙo, su jira, su neman taimako, na masu ɗaukar kwali ne. Shafukansu ma na yage, kada su ɓata mini harshe."

A gida ma ba su tsira ba. Matarsa ta ajiye abinci ta ce, "Maigida, gishirin ya ji?" Ya ɗanɗana, ya gyara zama kamar alƙali, sannan ya ce, "Afuruf." Kyanwar gidan kuwa ta sha dismis har ta daina waiwayowa.

Ana nan sai kujerar shugaban reshe ta zama babu kowa. Aka ce babbar manaja za ta zo daga ƙasar waje ta zaɓi wanda zai hau, kuma ko sannu ba ta ji da Hausa. Farfesa ya ji kamar ya taka rawa. Shi zai yi jawabin maraba, daga nan kuma sai kujera, wadda ya riga ya sa aka auna masa sabon matashi a kanta.

Ranar da ta iso, kowa ya hallara a ɗakin taro na ƙasa. Farfesa ya ji cikinsa ya ɗan juya. Banɗakin ma'aikata na nan kusa, amma mutum irinsa ya bi layi da direbobi? Ya ajiye wayarsa kan takardun jawabi, ya hau bene, ya shige wanda aka keɓe wa baƙuwa. Ya gama, ya murɗa makulli, makulli ya karye a hannunsa.

Gumi ya keto masa. Ya jijjiga ƙofa, ya doke ta da kafaɗa, ƙofa ko gezau. Can sai ya ji takun takalmi. Babbar manaja ce ta hauro wanke hannu. Ta ƙwanƙwasa, ta yi tambaya cikin Turanci mai laushi. Farfesa ya laluba cikin kansa yana neman yadda ake cewa a taimake ni, ya tarar da wurin fayau. Ya yi Hausa a gaban Baturiya kuma, ai gara ya kwana a ciki.

"Oda," ya ce da muryar manya.

Ta sake tambaya.

"Afuruf."

Ta ƙara ƙwanƙwasawa. Tsoro ya kama shi sosai, ya jefo na ƙarshen da ya rage masa: "Dismis. Dismis!"

Matar mai ladabi ce. An kore ta, sai ta tafi. Farfesa yana jin tafi na tashi daga ƙasan bene, akanta mai lissafin kuɗin reshen ya ɗauki takardunsa yana karanta jawabinsa kalma bayan kalma, har wurin da ya rubuta a dakata a yi dariya. Sai da aka watse kafinta ya ɓalle ƙofar.

Kujera dai akanta aka ba. Amma baƙuwa ba ta manta da mutumin cikin banɗaki ba, ta tambaya aka ce mata Farfesa ne. Ta ce wa tafinta a duk rassan da ta zaga ba ta taɓa ganin ma'aikacin da ke kishin banɗaki kamar wannan ba, don haka ta naɗa shi mai kula da banɗakunan, na sama da na ƙasa.

Washegari ya zo da sabuwar riga, ya tara masu shara, ya shaida musu cewa shi kaɗai aka yi wa naɗi daga ƙasar waje. Suka taya shi murna, suka miƙa masa bokiti.